Rufin Ɗakin Maman Ebuka

Idan alƙali ya ce a mayar wa ɗan haya rufin ɗakinsa, wa zai hau ya mayar? Na tambayi lauya, na tambayi mai unguwa, har ɗan sandan da ke tsaye a ƙofar kotu na tambaya. Kowa ya ba ni amsa, amma a cikinsu babu wanda ya taka tsani. Damina uku ke nan ina juya wannan tambaya, tun rasuwar Malam, mijina, Allah ya jiƙansa. Ni ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa. In kun ji maganar ta tsinke a wani wuri, kuka ne ya tsayar da ni.

Da ku nake, samarin yanzu masu dillancin gidaje a waya. Ku ɗauki hoton ɗaki, ku tura, ku karɓi la'ada, shi ke nan kun gama. Na ji kuna cewa kula da gidan haya aikin tsofaffi ne, wai riƙe makulli kawai. Ni da Malam mun riƙe makullan wani gidan haya a unguwar Magajiya, nan Suleja, tun ina goyon fari har na yi furfura. To ku saurara.

Ɗakin farko da aka kai ni in duba, da rani ne. Goggo Dije ce ta kai ni, ƙanwar mahaifin Malam, wadda ta fara sama wa baƙi ɗakuna tun lokacin da ake gina Abuja, ma'aikata suna kwana a Suleja. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Me kika gani?" Na ce ɗaki mai kyau, an shafa masa farar ƙasa. Ta durƙusa ta kankare gindin bango da farce, sai ga wani baƙin layi a kwance. Ta ce, "Nan ruwa ya tsaya bara." Ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa silin, garin gara ya zubo mini a ɗankwali. Ta ce, "Ɗaki da rani amarya ne, sai damina ake sanin halinsa. In kika sa mutum a nan ba ki gaya masa ba, ke zai zaga, mai gida yana can yana barci." Shekara biyu ina bin ta a baya ina riƙe mata jaka kafin ta bar ni in nuna wa mutum ɗaki ni kaɗai.

Kayan aikina ba su da yawa. Zoben makullai, kowane makulli na ɗaura masa ƙyalle mai launi daban tunda ban san lamba ba. Tocila ta leƙa saman silin. Sanda irin ta Goggo. Malam shi kafinta ne, nasa kayan guduma, zarto, tsani, ƙusar kwano mai hula, da gwangwanin kwalta na toshe yoyo. Mai gidan, Alhaji Babba, ɗan kasuwa ne yana zaune a Kaduna. Ya ba mu ɗakin da ke jikin zaure ba ma biyan haya, mu kuma mu kula masa da gida. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya, banɗaki a ƙarshe.

Rigimar farko da na raba ta guga ce. Wata matar ɗan Kano ta ce matar tela Bayarabe ta ja ruwa da gugarta ba ta tambaya ba. Kafin in iso an kai ga zagin kakanni, kowa da yarensa, ba mai jin na wani. Na sayo guga ɗaya na ɗaure ta a jikin rijiya na ce ta gida ce. Irin wannan shi ne yawancin aikin. Wa zai share tsakar gida yau, wa ya kunna abin dafa ruwa har wayar wuta ta ƙone, wa ya daɗe a banɗaki alhali masu aiki a Abuja suna layi da asuba kada mota ta bar su. Ba na raina shi. Gidan da aka bar ƙananan rigingimu suka taru, babba ce ke zuwa.

Doka kuwa a kan bencin kotu na koye ta. Wani direba ya daɗe bai biya haya ba, ya kuma ƙi tashi. Na ce wa Alhaji Babba mu sa wa ƙofarsa kwaɗo mu huta. Ya ce, "Hajara, in na sa kwaɗo ni na zama mai laifi." Ya sa aka rubuta wa direban notis, wato takardar tashi, aka ƙara masa na kwana bakwai, sannan aka kai shi kotun majistare. Ni nake zuwa duk zaman, tunda ni ce a gidan. A can na ji da kunnena cewa mai biya wata-wata, wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sai in akwai wata yarjejeniya da suka rubuta. Ko lokacin ya cika, ba mai gida ke fitar da mutum ba, kotu ce ke turo ma'aikatanta. Mai gida ba shi da ikon canza kwaɗo, ko yanke wuta, ko kulle rijiya, ko cire ƙofa don mutum ya gaji ya tafi. Direban ya fita ta hannun kotu, kuma ba wanda ya zagi Alhaji a unguwa. Tun daga nan duk wanda na sa a ɗaki sai na ce masa: ka biya a kan lokaci, ka karɓi rasit, ka ajiye shi inda ɓera ba ya zuwa.

Sai muguwar shekarar ta zo. Alhaji Babba ya rasu, gida ya koma hannun magada, babban ɗansa yake juya shi. Muna kiransa Alhaji Ƙarami. A bayana ya yi barci yana yaro in sun zo hutu. A shekarar aka yi ta rusau a ƙauyukan gefen Abuja, kaya kuma suka yi tsada. Kullum sai ka ga a-kori-kura ta biyo hanyar Zuma da katifu da tukwane, mutane suna neman ko da shago ne su sa kai. Kuɗin ɗaki ya tashi. Ƙannensa suna matsa masa a kan rabonsu, masu ba da shawara suka ce ya kwashe mutane, ya fasa ɗakunan ya sa wa kowanne banɗaki a ciki, ya ba sababbin zuwa da tsada. Ya tara 'yan haya a tsakar gida ya ce ƙarshen wata kowa ya fita. Da baki ya faɗa, ba takarda.

Yawanci suka kwashe. Wasu ba su san suna da haƙƙi ba, wasu sun sani amma ba sa son tashin hankali. Mutum ɗaya ce ta ƙi, Maman Ebuka. 'Yar ƙabilar Ibo ce, tana sayar da manja da busasshen kifi a kasuwa, mijinta direban tirela ne, sai ya yi wata bai kwana a gida ba. 'Ya'yanta uku. Ta biya kuɗin shekara ba da daɗewa ba, rasit ɗinta yana hannunta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, amma ba ta taɓa hana a gane ta ba.

Alhaji ya same ta tana wanke jarkokin manja. Ya ce, "Madam, zan mayar miki da sauran kuɗinki, ki nemi wani wuri."

Ta ce, "Alhaji, wannan kuɗi yanzu ko kejin kaza ba zai kama ba. Ka nemo mini ɗaki da shi, yau ma ni zai tashi."

Ya ce, "Gidan ubana ne."

Ta ce, "Na sani. Ubanka mutumin kirki ne, shi yana ba da takarda."

Aka fara da wuta. Ya turo mai gyara ya cire wayar ɗakinta. Bayan kwana biyu ya karɓi makullin murfin rijiya daga zobena ya kulle. Ni ma da ke da izinin zama sai da na koma sayen ruwan 'yan garuwa, ina ɗibar mata a randata. Da ya ga ba ta motsa ba, sai ya zo wajen Malam, ya tsuguna ya gaishe shi kamar kullum.

Ya ce, "Baba, rufin ɗakin Madam yana yoyo. Ina so a cire a gyara."

Malam ya ce, "Ni na buga shi. Ba ya yoyo."

Ya ce, "Zai fara."

Malam ya yi dariya ya ce, "Alhaji, gudumar tawa ta tsufa. Bugawa ta iya, ta manta cirewa."

Ku gane dabarar, don har yanzu ana yin ta a garin nan. Ba a ce an kore ka ba, an ce gyara ake yi. A cire rufi da farkon damina, a ce kafinta yana zuwa, sauran aikin ruwan sama zai ƙarasa.

Wata safiya Maman Ebuka tana kasuwa, yara suna makaranta, Alhaji ya kawo wasu samari daga wani gari. Kafin azahar sun ɓalle kwanon ɗakinta sun jibge shi a bayan banɗaki. Na kira ta a waya. Ta iso a kan babur, ta ga rana tana haska mata gado ta ɓarakar silin, ta ɗauki taɓarya ta nufi motar Alhaji da ke ƙofar gida. Na riƙe ta ta baya.

Na ce, "In kika fasa gilashin nan, ke za a kai kotu, shi ya koma mai ƙara. Ajiye."

Ta ce, "Inna, sake ni, yau sai ya sani."

Na ce, "Ajiye ki fito da wayarki. Ki ɗauki hoton sama, ki ɗauki kwanon, ki ɗauki rijiya da kwaɗo a kanta. Ki kira maƙwabta biyu su gani da idonsu. Kuma ko cokali kada ki fitar daga gidan nan. Wanda ya kwashe kayansa ya tafi, shi ya sallama."

Muka fara da mai unguwa, don ba a tsallake shi. Ya kira Alhaji, ya yi masa faɗa, sannan ya juyo ya ce da ita ta yi haƙuri ta karɓi kuɗinta a zauna lafiya. Muka je wajen 'yan sanda. Suka rubuta, suka kira Alhaji, ya ce gyara ne, suka ce maganar haya ta kotu ce. Zuwan bai zama banza ba, don ya zama shaida cewa ta kai kuka tun ranar. A cocinsu aka haɗa ta da wata lauya, matashiya, ta shigar mata da ƙara. Malam ya samo tamfol ya sa mijin wata maƙwabciya ya shimfiɗa a kan katakon rufin, aka danne da duwatsu. Katifu da yara muka mayar zaure da ɗakinmu. Ita kuwa a ɗakinta take kwana a kan tabarma, don kada a ce ta bar shi.

Da sammaci ya iso, Alhaji ya ji ni za a kira shaida. Ya tare ni a zaure, ya yi magana a hankali.

Ya ce, "Inna, ɗakin da kuke ciki ba a biyan haya a kansa. Kin dai sani."

Na ce, "Na sani, Alhaji."

Na gaya wa Malam. Yana zaune yana wasa zarto, bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ce miki aka yi ki yi masa sharri ba. Abin da kika gani za ki faɗa. Ubansa ma da haka zai ce."

Alƙaliyar mace ce. Tambayoyinta gajeru ne, aka fassara mini. Ɗakin yana yoyo kafin a cire rufin? Na ce a'a. An ba ta takardar tashi? Na ce ban gani ba, kuma duk takardar gidan ta hannuna take bi. Wa ya kulle rijiya? Na faɗa. Ban kalli wajen Alhaji ba. Aka duba rasit, aka duba hotuna. Ta ba da umarni a mayar da rufi da wuta da ruwa, kada a ƙara takura mata har a gama shari'a, in yana son gidansa ya bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Maman Ebuka ta rungume ni a bakin kotu har ta shafa mini manja a mayafi. Mun ɗauka an gama.

Rijiya an buɗe a ranar. Wuta ta dawo washegari. Rufi kuwa, Alhaji ya ce kafinta yana zuwa gobe. Gobe ta yi, ya ce ya tafi jana'iza. Wata goben ya ce katako ake jira. Lauya ta ce za a koma a gaya wa kotu ya ƙi bin umarni, ana iya hukunta shi, amma sai an sa rana, ranar kuma ba kusa take ba. Ta ce kafin nan Maman Ebuka tana iya nemo kafintanta ya mayar, a ajiye shaidar abin da ta kashe a nema daga baya.

Na zaga kafintocin unguwa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu a hannun Malam suka koya. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, Alhaji ne ke ba mu aiki a gine-ginensa." Ban ga laifinsu sosai ba, suna da iyali. Muka samo wani daga Zuma. Ya zo ya hau, ya auna, wayarsa ta yi ƙara, ya sauko ya ce bari ya sayo ƙusa. Har yau yana can yana sayen ƙusa.

Ga shi damina ta nutsa. Iska ta yaga tamfol, silin ya jiƙe ya rufto. Ginin kuwa na tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti. Wata safiya Malam ya shiga ɗakin, ya kai hannu saman bango inda simintin ya ɓare, ya danna babban yatsa, yatsan ya shige. Ya kira ni ya nuna mini.

Ya ce, "Ruwa biyu masu ƙarfi, bangon nan zai zauna. In ya zauna babu ɗaki. In babu ɗaki, me alƙaliya za ta mayar mata?"

Na gane inda ya dosa. Shekaru ke nan likita ya hana shi hawa sama saboda hawan jini, jiri yana ɗibarsa ko a kan benci ya tsaya. Ƙofa da taga yake gyarawa a ƙasa.

Na ce, "Malam, ba kai ba."

Ya ce, "To wa?"

Na ce, "A jira mijinta ya dawo."

Ya ce, "Direba ne. Zai buga ƙusa a kwarin kwano ya mayar da ɗakin rariya."

Na ce, "Likita ya ce..."

Ya ce, "Likita bai ga bangon ba. Ɗauko mini tsani, Hajara. In kin tsaya gardama hadari zai riga mu."

Na ɗauko. Abin da ya faru ke nan. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa ganin ya fasa aikin da ya ce zai yi ba, kuma ni ma na ga bangon.

Maman Ebuka ba ta je kasuwa ba ranar. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, bar shi, ni zai tashi kawai." Ya ce, "Tashi ki miƙo kwano, Madam, surutu ba ya rufe ɗaki."

Mayar da tsohon kwano ya fi buga sabo wuya, wannan ku riƙe. Kowane falle yana da tsofaffin huda, in ba a mayar da shi inda ya fito ba, hudar za ta faɗa a sarari ta yi yoyo. Sai da ya sa muka shimfiɗa su a tsakar gida, ya bi su yana duba tsatsa da lanƙwasa har ya gane wanne ke bin wanne. Waɗanda samarin suka lanƙwasa wajen ɓallewa ya daddake su a kan katako suka miƙe. Sannan ya hau. Daga ƙasan rufi ake farawa a yi sama, na sama ya hau kan na ƙasa, bakin haɗin kuma ya juya wa iska baya. Ƙusa a tudun kwano ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Duk tsohuwar hudar da ba ta samu ƙusa ba, a cika ta da kwalta. Ni ina riƙe tsani ina miƙa ƙusa a gwangwani, Maman Ebuka tana ɗaga kwano a ka tana tura masa. Yana aiki yana tsokanarta wai kwanon ma ya koyi warin kifi.

Da azahar ya sauko ya yi salla, ya sha kunu, ya koma. Na ga sai da ya tsaya ya huta kafin ya kama tsani. Na ce a bari sai gobe. Ya nuna mini gabas da haɓa, sama ta fara yin baƙi ta wajen dutsen Zuma.

Ana cikin haka Alhaji Ƙarami ya shigo, wani ya kai masa labari. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Baba, don Allah ka sauko. Wallahi gobe zan turo yara."

Malam ya ce, "Gobenka ta yi yawa, Alhaji. Matsa daga nan kada ƙusa ta faɗo maka."

Ya daɗe a tsaye. Bai hana ba, bai taya ba. Daga baya ya fita.

Wajen la'asar aka buga falle na ƙarshe. Malam ya sauko da ƙafarsa, a hankali, ina riƙe da tsani. Maman Ebuka ta tafi zaure tana haɗa kayan yara. Ya zauna a kan turmin da aka kife a jikin bango, ya jingina, yana haki, gudumar tana kan cinyarsa. Ya ba ni saƙo, na tafi in isar. Ban daɗe ba. Da na dawo hularsa tana ƙasa, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallona amma harshe ya ƙi. Muka sa shi a Keke Napep, ruwa ya kece muna hanyar asibiti. Kwana biyu ya yi a can bai ƙara magana ba. Rana ta uku aka kai shi makwancinsa. Alhaji Ƙarami yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, an ce ya yi kuka. Ban sani ba, ni ina ɗaki.

Bangon bai zauna ba. Maman Ebuka ta cinye shekararta a ɗakin. Kotu ta sa aka biya ta diyyar kayanta da ruwa ya lalata, aka ba ta notis a rubuce yadda ya kamata, lokaci ya cika ta samu wuri a Madalla ta koma da ƙafarta. Har yanzu duk ƙarshen wata sai ta aiko mini da manja.

Ni kuwa Alhaji Ƙarami ya bar ni na gama takaba, sannan ya aiko a karɓi makullai. Na je wajen lauyar nan. Ta ce tunda ba mu taɓa biyan haya ba, ba rasit, ba takarda, kuma don aiki aka ba mu ɗakin, tsayuwata a kotu ba za ta yi ƙarfi ba. Ni da na yi rayuwata ina ce wa mutane su karɓi rasit, ban taɓa tunanin in nema wa kaina ba, don muna ganin gidanmu ne. In aka ba ɗayanku ɗaki don ya kula da gida, ya sa a rubuta, ya kuma riƙa biyan wani abu ko yaya yake. Na kwance ƙyallayen jikin makullan na miƙa. Yanzu ina unguwar Hashimi, wajen 'yar ƙanena, a ɗakin haya. Gudumar tana ƙarƙashin gadona. Ba na iya jin ruwa yana dukan kwano ban tashi zaune ba.

Saƙon da ya ba ni a kan turmin, rabi na isar, rabi ban samu na yi ba. Ya kamo bakin zanena don in sunkuyo, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce:

"Je ki ce wa Madam ta shigar da katifar yara. In an yi ruwa ki duba mini kusurwar gabas, Hajara, ƙusa ɗaya ta ƙi ni."